Akwatin tono a aji: bincike muke koya wa yara ko farautar dukiya?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ga abin da nake so mu tattauna. A ƙaramar sakandare ana koyar da tarihin tsofaffin al'adun Nok, Ife, Benin da Igbo-Ukwu. Yaro ya haddace sunaye ya juye a takardar jarrabawa, amma ka tambaye shi ta yaya aka san shekarun mutum-mutumin Nok, sai ya ce maka "haka yake a littafi". Wane aikin hannu ne zai nuna masa yadda masu tonon kayan tarihi suke gano abu? Ku ɗauka aji ne mai yara 60, darasi minti 40, kuɗin kashewa kuwa sai abin da malami ya ciro daga aljihunsa.

Ɗan Gidan Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka fi sani shi ne akwatin tono. A nemi robar zuba kaya ko akwatin katako mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi kamar 25. A shimfiɗa ƙasa hawa-hawa, kowane hawa da launinsa, kaurin santimita 5. Na can ƙasa jar ƙasa, a binne tsingaro, gawayi, kashin maƙera da gululu a ciki. Na tsakiya baƙar ƙasar fadama, a sa wuri, ɗan dutsen ado da tsohon kwabo mai huji. Na sama ƙasa mai haske, a sa marfin kwalba, ledar ruwa da katin waya da aka kankare. Kowane hawa a yayyafa masa ruwa a danne da guntun katako kafin a ɗora na gaba. Gwajin danshi: ka dunƙula ƙasar a hannu, ta tsaya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. A rufe da buhu a bar shi kwana biyu ko uku ya kama jikinsa.

Kada a yi hawa da yashi zalla. Ba ya tsayawa, da an taɓa shi sai ya zube cikin na ƙasa, iyakar da ake so yara su gani ta ɓace.

Malamin Kimiyya:
Malam, a yi lissafi tukuna. 60 sau 40 sau 5 lita 12 ke nan a hawa ɗaya. Hawa uku lita 36, ƙasa mai danshi kuwa lita ɗaya tana kai kilo ɗaya da rabi. Akwati ɗaya ya haura kilo 50. Wa zai ɗauko goma irinsa daga ofishin malamai? Roba ma tsagewa za ta yi a hanya, in ba ta tsage ba hawan zai rarrabe. A rage zuwa 40 da 30, kauri santimita 4. Hawa ɗaya bai cika lita 5 ba, duka akwatin kilo ashirin da ɗoriya. Kuma a haɗa shi a inda za a tone shi.

Ɗan Gidan Tarihi:
Na karɓi gyara. Ƙaramin ya fi.

Baba Sufeto:
'Ya'yana, ni ba nauyin akwatin ne ya dame ni ba. Ku tsaya ku dubi abin da yaro ɗan shekara 12 zai ɗauka daga wannan aiki. An ba shi cokali, an ce akwai abu a ɓoye. Zai caka hannu har gindin akwati, ya zaro wuri ya ɗaga sama yana ihu, 'yan uwansa su yi masa tafi. Darasin da ya tafi da shi gida shi ne, ƙasa tana ɓoye dukiya, mai saurin haƙa shi ne gwani. A ƙasar da aka farfashe kufan Nok ana sayar da kawunan mutum-mutumin yumɓu ga 'yan kasuwar waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka aka yi wa kufan Bura a Nijar bayan an gano wurin a 1975. In akwatin nan zai ƙara mana maharan kufai ne, gara haddar da muke kuka da ita.

Malama Mai Labarin Ƙasa:
Baba, maganarka tana kan hanya, kuma haka ɗin ce take faruwa duk inda aka fara da tono. Amma laifin jerin darasin ne, ba na akwatin ba. Tono shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Kuma maki ba ya kan abin da aka samo, yana kan takardar da aka rubuta.

Ga tsarin da zai toshe wannan kafa. Yara shida a rukuni: biyu masu tono, ɗaya mai tankaɗe, ɗaya mai zane, ɗaya mai rubutu, ɗaya mai sa kaya a leda. Duk minti 10 a juya aiki, in ba haka ba manyan yara maza za su riƙe cokali har a tashi, mata su ƙare a rubutu. A ɗaure zare biyu a gicciye a bakin akwati, ya rabu gida huɗu, kowane gida 20 da 15, a sa musu suna A, B, C, D. A manna takarda mai kibiya ta nuna arewa. Mai zane ya zana akwatin a rabin girmansa, wato 20 da 15, wanda zai shiga shafin littafin rubutu daidai.

Doka ɗaya ce babba: abu ba ya barin wurinsa sai an yi masa abu uku. An zana inda yake, an auna zurfinsa, an ba shi lamba. Awon zurfi kuwa ba daga saman ƙasa ake yi ba, domin saman yana sauka yayin da ake tono. A gitta miƙaƙƙen katako a bakin akwati, a sauke rula daga katakon zuwa kan abin. Lambar ta zama kamar B-2-3, wato gida B, hawa na 2, abu na 3. Duk abin da ya zo teburin malami babu lamba, a ajiye shi a kwanon da aka rubuta wa "marasa asali", ba shi da maki ko da shi ne mafi kyau a akwatin. Yaro ya ga abin da ya samo ya tafi a banza sau ɗaya, ba ya sake fizgowa.

Baba Sufeto:
Kwanon marasa asalin nan ya yi mini. Amma a gaya musu dalili, kada su ɗauka horo ne kawai.

Ɗan Gidan Tarihi:
Dalilin yana cikin labarin Nok kansa, Baba, kuma malamai da yawa suna tsallake shi. Mutum-mutumin farko da aka samu a 1928 wajen haƙar kuza ne, ba wajen bincike ba. Kan mutum-mutumin da aka samu a yankin Jama'a, wanda ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, sai da ya yi zaman mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar doya. Kaya ne masu ban mamaki, amma an raba su da ƙasar da suka kwanta a ciki, don haka ba su iya faɗin shekarunsu da kansu ba. Sai da aka yi tono na tsanaki a wurare irin su Taruga a shekarun 1960, aka samu gutsattsarin mutum-mutumin tare da murhun narka tama da gawayi, sannan maganar ta fara tsayawa da ƙafarta.

Sai a ɗora musu labarin ƙauyen Dufuna a gefe guda. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a can jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da katako mai tauri. Bai sare shi ya yi makamashi ba, labari ya kai ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara dubu takwas. A rubuta labaran biyu a allo, a tambayi yara wanne ne ya shiga kwanon marasa asali.

Malamin Tarihi:
To idan tono ne na ƙarshe, me zai zo gabansa?

Malama Mai Labarin Ƙasa:
Darasin farko kwalba. Robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke wuyanta. Yara su riƙa zuba ƙasa kala-kala da kansu, kowane zubi malami yana ba da labari: nan mutane suka zauna suka yi girki, a zuba ƙasa mai garin gawayi, nan ambaliya ta zo, a zuba laka, nan aka dawo aka yi gini, a zuba jar ƙasa. Ta jikin robar suna ganin hawa-hawan. Tambaya ɗaya ce: wanne ya riga zuwa? Minti 15 ya isa. Sai a gaya musu tudun Daima a Borno haka yake, sai dai shi kaurin tarin ya haura mita 10, kuma masanin tonon kayan tarihi Graham Connah ya yanka shi daga sama har ƙasa a tsakiyar shekarun 1960.

Ragowar lokacin a ba kowane rukuni ledar shara. Malami ne zai haɗa ta da wankakkun kaya: kwalin magani, ledar madara, guntun alli, tikitin mota, ƙarewar fensir. Su faɗi mutum nawa ne a gidan, akwai jariri ko babu, me ake ci, kuma kowace magana su nuna abin da ya sa suka faɗe ta. Wannan ba wasa ba ne kawai, a Tucson ta Amurka masanin kayan tarihi William Rathje ya fara irin wannan bincike a kan sharar gidaje tun 1973. Amma don Allah kada a ce yara su kawo sharar gidajensu. Ɗan mai hali zai zo da gwangwanin madara, ɗan talaka ya zo da ƙullin omo, darasi ya koma gori.

Mai Yumɓu:
Ku ba ni darasi na biyu, domin abin da mai tono ya fi samu ba kan mutum-mutumi ba ne, ba zinariya ba ce, tsingaro ne, buhu-buhu. A sayo ƙananan kasake sababbi a kasuwa, kowane rukuni biyu masu kama da juna amma ba iri ɗaya ba. Malami ya sa kowanne a buhu ya buga sau ɗaya ko biyu da guduma, ya fashe gida 8 zuwa 12. In ya wuce haka ya zama gari, minti 40 ba zai isa ba. A goge kaifin bakin da dutse kaɗan, ba sosai ba, kada su ƙi haɗuwa. A cire guda biyu ko uku daga kowanne a ɓoye, a gauraya sauran.

Kafin a taɓa gam, su ware: baki, wuya, ciki, gindi. Su dubi kauri da launi da abin da ke cikin yumɓun a wajen karaya. Sai a fara haɗawa da salatif na takarda, daga gindi zuwa sama. Wanda ya fara daga baki zai tarar guntun ƙarshe ya ƙi shiga. Gam kuwa farin nan na kafinta, a shafa siriri, a kafa guntun a kwanon yashi ya tsaya har ya sha iska. Ban yarda da gam mai kamawa nan take ba, yana manne yatsu, kuma in aka kuskure ba gyara.

Guntayen da aka ɓoye su ne gishirin darasin. Yara za su yi ta nema a ƙarƙashin benci. A bar su su nema, sannan a gaya musu haka aikin yake, ba a taɓa samun duka.

Ɗan Gidan Tarihi:
A ƙara da awon baki. A zana da'irori a kwali, ɗaya cikin ɗaya, daga faɗin santimita 6 zuwa 40, tazarar biyu-biyu. A kifa guntun baki a kan kwalin, a jujjuya shi har bakin ya kwanta daram babu haske a ƙarƙashi, sannan a matsa shi har lanƙwasarsa ta hau kan da'ira ɗaya. Daga guntu ɗaya yaro ya san faɗin bakin tukunyar da bai taɓa gani ba. Idan guntun ya yi ƙanƙanta ƙwarai zai hau da'ira uku ko huɗu, a nan sai a rubuta "tsakanin kaza da kaza".

Mai Yumɓu:
Sai zane. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana, kuma a nan gaskiya ce tsurarta, domin ado yana hawa ne yumɓu na ɗanye. A ba su yumɓu su fyaɗa kamar waina, su mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kan ɗaya, totuwar masara a kan ɗaya, su danna tabarma a kan ɗaya, su ja tsinke a kan ɗaya. In sun bushe a musanya tsakanin rukunai, kowa ya gano da me aka yi. Ta totuwar tana da sirri: masara daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta iso nan ba sai bayan 1492. Duk tsingaron da ke da sawun totuwar masara ba zai girmi wannan lokaci ba. Haka lofen shan taba.

Malamin Tarihi:
Wannan dabarar ta "ba zai girmi kaza ba" ita nake so ta zauna musu. Za ta shiga akwatin?

Ɗan Gidan Tarihi:
Ita ce ma ta sa na zaɓi kayan hawan sama. Naira da kwabo sun fara aiki a 1973. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, don haka katin waya ba zai riga wannan shekara ba. Ƙa'idar ita ce, abu mafi ƙuruciya a cikin hawa shi ke faɗin lokacin da hawan ba zai riga ba. In an samu kwabon 1973 da katin waya a hawa ɗaya, katin ne ke magana. Kuskuren da yara ke yi kullum, su ga 1973 a jikin kwabo su ce a shekarar aka binne shi. A tambaye su tsohuwar takardar kuɗi nawa ce ke yawo a kasuwa yau.

Ga masu kaifin kai a yi musu tarko. Bayan an gama haɗa akwati, a huda rami mai faɗin kofin shayi daga sama har cikin jar ƙasa, a jefa marfin kwalba a gindinsa, a cike da ƙasa mai wani launi. Rukunin da ke tono a kwance, suna kankare santimita ɗaya-ɗaya, za su ga da'irar ramin tun daga sama. Masu haƙa a tsaye za su ba da rahoto cewa maƙeran da suna shan lemon kwalba. Rijiya, shadda, ramin gafiya da gara duk haka suke yi wa kufai na gaske.

Malamin Kimiyya:
Saura tambayar farko ta Malam, yadda aka san shekaru. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. In ya mutu ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Ana nuna wannan da jifa. Abu 100 masu fuska biyu a cikin kwano, a girgiza a watsa a tebur, waɗanda suka faɗi ta fuska mai alama a cire su. Kowace watsawa shekara 5,730 ce. Za a ga wajen 50, sai 25, sai 12, sai 6. A zana a takarda mai gida-gida. Sai a ce musu katakon Dufuna saura wajen kashi 38 cikin ɗari na kabon-14 a jikinsa, su nemo shekarunsa a kan layin. Zai faɗa tsakanin watsawa ta ɗaya da ta biyu, wajen dubu takwas.

Malama Mai Labarin Ƙasa:
Marafan kwalba za su yi? Su ne ba a saye.

Malamin Kimiyya:
A'a, Malama. Marfi gefe ɗaya ya fi nauyi, ba ya faɗuwa rabi da rabi, lissafin zai karkace. Wuri ma haka. A yanka kwali mai kauri murabba'i-murabba'i, santimita biyu, a ɗiga jan biro a fuska ɗaya. Kuma rukuni ɗaya zai iya samun 43, wani 58. Kada a ce sun yi kuskure. A tara na duka rukunai a allo a raba, zai matso 50. Daga nan ne za su gane abin da ya sa masana ke cewa "shekara kaza, da ƙari ko ragin kaza".

Abu biyu a jaddada. Ba a auna dutse ko ƙarfe da wannan hanya, sai abin da ya taɓa rai: gawayi, ƙashi, itace, ƙwayar hatsi. A wuraren Nok ƙonannen gero yana cikin abin da aka auna. Na biyu, hanyar ba ta wuce wajen shekara 50,000, don haka ba ruwanta da ƙasusuwan manyan dabbobin da ake haƙowa a hamadar Nijar. Wannan ma wani fanni ne daban, kodayake yara suna haɗa su.

Baba Sufeto:
Na sassauto, amma da sharuɗɗa. Kada a sa ƙwarangwal ko wani abu mai kama da kabari a akwati, ko na roba ne. Gobe uba zai zo makaranta ya ce ana koya wa ɗansa tonon kaburbura, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Kada a sa kayan tarihi na gaske. Kada a kai yara ganuwa ko Kufena ko gindin Dala a ce su tsinto tsingaro. A je a gani, a zana, a ɗauki hoto da rula a gefe, a bar abu inda yake. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana tono ba da izini ba, kuma malami ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa. Mai son yara su ga na gaske ya kai su Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna, ko na Jos wanda aka buɗe tun 1952.

Mai Yumɓu:
A ƙara da lafiyar hannu da ido. A tankaɗe ƙasar kafin a zuba, saboda kunama da fasasshiyar kwalba. Kada a ɗebo daga juji ko kusa da makewayi. Toka tana da kyau a ido amma in ta jiƙe tana cin hannu, in ta bushe lokacin hunturu tana shiga ido, garin gawayi a cakuɗa da ƙasa ya fi. Kayan tono cokalin cin abinci da burushin fenti ƙarami, ban da wuƙa. Rariya kuwa, guntun ragar taga ta ƙarfe a buga a firam ɗin katako, ko kwandon roba mai ƙananan huji.

Malamin Tarihi:
Akwati goma ga yara 60 ya yi mini yawa. Kuma minti 40 ba zai kai su hawa na uku ba.

Malama Mai Labarin Ƙasa:
Yi biyar. Rabin aji suna tono, rabi suna kan tukwane, mako na gaba a sake haɗa akwatunan a juya. Nemi darasi biyu a jere, minti 80: goma na shiri, hamsin na tono, ashirin na kwashewa da wanke hannu. In lokaci ya ƙure, su tone gida A da B kawai har ƙasa, su bar C da D. Bangon da ya rage zai nuna hawa ukun a tsaye, su zana shi. Masu aikin gaske ma da gangan suke barin wani sashe.

Darasin rufewa bayan tono babu ƙasa. Rukunai su musanya takardu, kowanne ya ba da labarin akwatin da bai tona ba, daga rubutun wasu kawai. Maki 20: zane 6, teburin kaya da zurfi 6, bayani mai hujja 6, tsafta da haɗin kai 2.

Baba Sufeto:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Bayan wannan darasi wani yaro zai zo da gatarin aradu ko guntun kan yumɓu daga gonarsu, a nannaɗe a leda. Tabbas za a yi haka. Me malami zai yi?

Ɗan Gidan Tarihi:
Kada ya yi masa faɗa, kada kuma ya yi masa kyauta, domin kyauta za ta sa gobe a zo da goma. Kada a wanke abin, kada a kankare ƙasar jikinsa. A zauna da yaron a rubuta ranar da aka samu, gonar wa, ta wane gefen gari, a sama aka tsinta ko garma ce ta tono, me ke kusa da shi. A sanar da shugaban makaranta da iyaye, sannan a kai rahoto gidan tarihi mafi kusa. Takardar bayanin a rubuta ta da fensir, a sa ɗaya cikin ledar ɗaya a waje, domin tawadar biro tana narkewa in danshi ya kama ta.